Bes jita da amfilifaya ga mai ƙaramin jari a ƙauye

Wani matashi daga wani ƙauye a ƙasar Gumel ne ya aiko da tambayar. Su huɗu ne: mai fiyano, mai kalangu, mai waƙa, sai shi. Suna zuwa bukukuwa da tarukan makaranta a garuruwan da ke kusa da su. Ya sayar da riɗinsa na bana, yana so ya sayi bes jita, wato jita mai kaurin sauti, da amfilifaya, akwatin da ke ƙara mata ƙarfin sauti, amma kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Wacce zai saya, mai tsirkiya huɗu ko mai biyar? Sannan wani ya yi masa tayin ƙaramar amfilifayar jita ta hannu da araha, ya karɓa ko ya bari?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a abin da aka samu, ya nuna mana na baɗi lafiya.

Bari in fara da tayin nan, don kada mai kayan ya matsa maka ka biya kafin ka kai ƙarshen amsata. Kada ka karɓa. Amfilifayar jita mai tsirkiya shida an ƙera ta ne don sauti na tsakiya da na sama, kuma sifikarta ba ta da wurin motsi gaba da baya sosai. Tsirkiyar bes mafi kauri, wato E, sau 41 take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, rabin ta jita ke nan. Kafin irin wannan sauti ya isa kunne da ƙirjin mutum, sai sifika ta tura iska mai yawa. A ɗaki, in ka rage murya, za ta lallaɓa. Ranar da ka buɗe ta a filin biki za ka fara jin far-far-far, daga nan kuma sai wurin mai gyara. Da amfilifayar fiyano ce aka yi maka tayi, da sai in ce a duba, don ita tana ɗaukar sautin ƙasa.

Yawancin shawarar da za ka gani a YouTube an yi ta ne don wanda ke zaune a ɗaki a Turai, wuta ba ta ɗaukewa, shagon gyara kuma yana bayan layinsu. Kai kuwa a fili za ka yi kiɗa, inda babu bangon da zai dawo maka da sauti. Janareta ne zai ba ka wuta. Hunturu zai busar da itacen jitarka, damina ta jiƙa shi. Da waɗannan za ka auna duk abin da aka miƙo maka a shago, ba da sunan da aka rubuta a kan jitar ba.

Ka sayi mai tsirkiya huɗu. Na san 'yan kiɗan coci na Kudu sun fi son mai biyar, kuma suna da dalilinsu, amma tsirkiya ta biyar ɗin, wato B, tana sauka har wajen kaɗawa 31 a daƙiƙa, kuma ƙaramar amfilifaya ba ta iya fitar da wannan. A jita mai araha ma sau da yawa za ka tarar da ita sako-sako, tana ɓaɓatu ba ta faɗin komai. Ga wuyan ya fi faɗi ga mai koyo, ga saitin tsirkiya ya fi tsada ya fi wuyar samu. In wata waƙa ta nemi ka sauka ƙasa da E, ka sassauta tsirkiyar ta koma D, an gama.

Abu na biyu, ka nemi wadda ba ta cin batir. Akwai bes masu ɗauke da ɗan batir mai ƙarfin bolt 9 a bayansu don ƙara wa sauti ƙarfi. Suna da daɗi, ban musa ba. Amma batirin yana ci muddin waya na soke a jikin jitar, ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma in ya yi sanyi sautin ya fara karcewa ke nan. Ka tambayi kanka ko a wace tireda a garinku za ka samu mai kyau irinsa da ƙarfe tara na dare, amarya na hanya.

Sai maganar fikof, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar kaɗawarsu. Iri biyu ne suka cika kasuwa, kuma duka daga kamfanin Fender na Amurka suka samo asali. Leo Fender ya fito da Precision a 1951, a 1957 aka raba fikof ɗinta gida biyu, sai Jazz ta biyo baya a 1960 da dogayen fikof guda biyu sirara. Na Precision, wanda ake ce wa P, rabe-raben nan nasa biyu suna kashe wa juna ƙugin wuta, shi ya sa ba ya yawan yin zuuu ɗin nan. Na Jazz, wato J, in ka buɗe guda ɗaya shi kaɗai yana kwaso ƙugi, sai ka buɗe biyun daidai wa daida sannan ya lafa. Ga wanda zai rayu da janareta, P ya fi kwanciyar hankali, kuma sautinsa mai kauri ne, yana zama daram a ƙarƙashin kalangu. Yawancin masu araha yanzu suna haɗa biyun, ana ce musu PJ, wannan ma ya yi.

In ana maganar suna, waɗanda na yarda da su a wannan mataki su ne Yamaha TRBX174, da Squier Affinity (Squier shi ne reshen Fender mai araha), da Ibanez GSR180, da kuma na kamfanin Cort. Yamaha ɗin ita na fi nuna wa masu farawa: PJ ce, ba ta cin batir, kuma aikinsu ba ya cika bambanta daga wannan jita zuwa waccan. Ibanez wuyanta siriri ne, tana yi wa mai ƙaramin hannu daɗi, sai dai ka lura, 'yar uwarta GSR200 tana cin batir. A ƙasashen waje sababbinsu suna kaiwa wajen dala 200 zuwa 300, sai ka lissafa da canjin ranar ka ɗora kuɗin shigowa. Wannan lissafin zai tsare ka daga jabu. Duk wanda ya nuna maka sabuwar jita an rubuta Fender ɓaro-ɓaro a kanta, ya ce kuɗinta bai kai na Squier ba, to ba Fender ba ce, don ta gaske mafi araha ta ninka Squier. Squier da Yamaha da Ibanez na wannan mataki galibi a Indonesiya ko Sin ake yin su, kuma suna rubuta hakan a bayan kai tare da lamba. Ganin sunan Sin a jiki ba aibu ba ne.

To in kuɗin ba su kai nan ba fa? Ba zan ce maka ka haƙura ba. Akwai 'yan Sin marasa suna, akwai kuma na hannu 'yan Beljiyam, kuma a cikinsu ana dace. Sai dai a nan idonka ne zai yi aiki. Ka san yadda ake sayen sa na huɗa a kasuwar Maigatari: ba ƙaho ake kallo ba, ƙafa da haƙori ake dubawa. A bes, wuya shi ne ƙafar. Fikof ya lalace a canza, wayar ciki ta tsinke mai gyaran rediyo ya liƙa da dalma, maɓalli ya ci a sa wani. Wuya in ya murɗe, jitar ta tashi aiki.

Ga yadda za ka duba. Da farko a saita tsirkiyoyin su hau daidai, E, A, D, G, don wuyan da ba a ɗaure ba ba ya nuna halinsa. Ka ɗaga jitar ka sa ido daga gindinta ka hango kai, ka bi gefen dama ka bi na hagu. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba laifi, haka ake so. Abin gudu shi ne ka ga gefe ɗaya ya lanƙwasa ɗayan ya miƙe, ko ka ga tudu a inda wuya ya haɗu da jiki. Sannan ka danne tsirkiyar E a firet na farko da hannun hagu, firet su ne ƙarafan nan da aka gicciya a wuya, ka danne ta a na ƙarshe da hannun dama, ka dubi tsakiya wajen na bakwai ko na takwas. Ya kamata a ga ɗan sarari tsakanin tsirkiya da ƙarfe, gwargwadon kaurin katin gayyatar biki. In babu sarari ko kaɗan, ko kuma ya yi yawa, akwai dogon ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki a daidaita. Nan ne wurin da masu saye suka fi sakaci. Ka ce wa mai shago ya sa alanki ya ɗan juya shi a gabanka, dama da hagu. In ya ƙi motsi sam, ko yana juyawa fayau ba ya kama komai, ka ajiye jitar ko nawa aka rage maka. A ƙasarmu wuyan da ba a iya daidaitawa ba ya shekara.

Bayan wannan ka bi kowace tsirkiya, firet bayan firet, tun daga kai har ƙasa, kana kaɗawa kana saurare. Kada ka ji kunyar ɓata wa mai shago lokaci, guminka ne na damina guda. Inda ka ji zirr a wuri ɗaya tak, ƙarfen gaba ya ɗago. Ka shafa hannu a gefen wuyan ka ji ko bakin ƙarafan na yanka. Ka dubi tsayin tsirkiya a firet na 12: kamar milimita biyu da rabi ya isa, in ya wuce haka da yawa yatsunka za su gaji kafin su yi kanta, kuma wannan ne ke sa yara da dama su jingine jita su ce ba su da baiwa. Ka sa tuna, wato na'urar da ke nuna ko tsirkiya ta hau daidai, ko ta waya ce, ka kaɗa tsirkiya a sake, ka kuma danne ta a na 12. Harafi ɗaya ya kamata ta nuna. In ta ɗan kauce ana gyarawa da sukurun jakin da tsirkiyoyi ke hawa, muddin sukurun bai yi tsatsa ya kafe ba. Daga ƙarshe a soka ta a amfilifaya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza kan wayar a raminta ka ji ko sauti na yankewa. Ka kuma rataya ta ka tsaya, don kilo huɗu a kafaɗa tun la'asar har dare ba wasa ba ne.

Yanzu amfilifaya, inda na fi jin tsoron kuɗinka su tafi a banza. Ƙananan nan masu wat 15 zuwa 25 da sifika inci 8, irin Fender Rumble 25 ko Hartke HD25, na koyo ne a ɗaki. Suna da kyau a wurinsu, amma a fili kalangu ɗaya zai binne su. Mai wat 40 ko 50 da sifika inci 10 za ta riƙe aji ko zaure. Fili kuwa, in amfilifayar ce kaɗai za ta ɗauki bes ɗin, daga wat 100 da inci 12 ake farawa, kuma wat 200 da inci 15 ya fi. Kada lissafin wat ya ruɗe ka: ninka wat sau biyu ƙari kaɗan yake yi a kunne, kafin mutum ya ji ƙara ta ninka sai an ninka wat wajen sau goma. Don haka tsakanin mai 25 da mai 40 ba wani abin a zo a gani, girman sifika da akwatinta sun fi tasiri. Ka kuma nemi inda aka rubuta RMS, wato ainihin wat ɗin da take iya bayarwa a kai a kai. In ka ga ɗan akwatin da za ka ɗauka da hannu ɗaya an liƙa masa 2000W PMPO, lambar talla ce kawai.

Akwai zaɓi tsakanin tsoho da sabo. Sababbin amfilifayoyi ba su da nauyi, Rumble 100 kilo 10 ce ko kusa da haka, ka ɗaura ta a bayan babur ka tafi. Tsofaffin Peavey masu inci 15 da ake samu 'yan Beljiyam kuwa wasunsu sun haura kilo 30. Amma tsohuwar tana da taransifoma da kayan ciki manya a sarari, mai gyaran rediyo a Gumel ko Haɗeja zai iya buɗewa ya gane abin da ya ƙone. Sabuwar in allon cikinta ya ƙone, sau da yawa sai dai a nemo wani allon daga Legas ko waje. In kuna da amalanke ko mota mai kai ku, ni ba na raina tsohuwar.

Sai dai ga abin da zan yi da ni ne kai. Na tabbata a bukukuwan da kuke zuwa akwai manyan sifikoki, naku ko na haya, waɗanda fiyano da makirfo ke shiga ta miksa, na'urar da ke haɗa sautuka ta tura musu. To bes ma ta bi nan. Abin da ake bukata ɗan akwati ne da ake kira DI, ka soka jita a cikinsa, shi kuma ya tafi miksa da waya mai baki uku irin ta makirfo. In ka soka bes kai tsaye a miksa ba tare da shi ba, sautin yakan fito siriri ba jini a jika. Behringer suna da masu araha, irin DI100 da BDI21, akwai kuma waɗanda ba sa cin batir sam. Wasu amfilifayoyin ma, kamar Rumble 40, suna da wannan ramin a bayansu, ka ga ta zama ta koyo a gida, ta zama wadda za ka riƙa jin kanka da ita a fili, manyan sifikoki kuma su ɗauki jama'a. Sharaɗin dai sifikokin su zama masu inci 15 ko 18. Lasifikar ƙarfe irin ta masu shela ba ta fitar da bes ko kaɗan. Da wannan dabarar sai ka kasa kuɗinka biyar: biyu ga jita, biyu ga amfilifaya, ɗaya ka riƙe don waya mai kyau guda biyu, da jaka mai soso, da maratayi mai faɗi, da sitabilaiza, da saitin tsirkiya na ajiya. Wannan kason na biyar kada ka taɓa shi don ƙarin wat.

Ranar farko da za ku haɗu, ka roƙi mai fiyano ya kashe bes ɗin da ke cikin kiɗan na'urarsa, ya kuma ɗauke hannun hagunsa daga can ƙasa. In ba haka ba ku biyu za ku yi ta tattaka juna, jama'a su ji gurnani kawai. Ka ajiye amfilifaya a ƙasa, bayanta kusa da katanga in akwai, za ka ji ta ƙara kauri. In ba a jin ka, kada ka ƙure maɓallin bes; na tsakiya za ka ɗaga, shi ke fito da kai tsakanin kalangu da murya.

Maganar wuta ina so ka karanta ta sau biyu. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Amfilifaya ta hannu da ta fito daga can, in ka soka ta kai tsaye, ko minti ba za ta yi ba. Ka juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. In 120 ce kaɗai, sai da taransifomar rage wuta, kuma ni na fi so ka bar ta, don wata rana wani yaro zai soka ta babu tambaya. A wurin biki a tayar da janareta ya daidaita tukuna, amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa. Da ka ji injin ya fara shaƙewa alamar mai ya kusa ƙarewa, ka kashe kafin ya mutu, don hawa da saukar nan ne ke ƙona kaya. In da sola za ka yi amfani a gida, inbata mai araha takan sa amfilifaya ƙugi, sai wadda ke ba da tatacciyar wuta, ka tambayi mai haɗa muku sola zai gane. Kuma don Allah kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket. Tsirkiyoyin bes a haɗe suke da jikin amfilifaya ta waya, in wuta ta zubo babu atin, wato wannan ƙafa ta uku da ke kai ta ƙasa, ta hannunka za ta bi. Da damina kada ka yi kiɗa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma in ka ji ɗan tsikari a leɓe lokacin da ka kusanci makirfo, a tsaya a duba kafin a ci gaba.

Don koyo da dare akwai 'yan na'urori masu batir da ake sa wa abin kunne, irin Vox amPlug ko Zoom B1 Four, wadda ke da tuna da ganguna a ciki. Sautin bes yana ratsa katangar ƙasa fiye da yadda kake zato, kuma a ƙauye zaman lafiya da maƙwabta da dattawan unguwa yana cikin jarin makaɗi.

Hunturu zai gwada jitar. Itacen wuya yana tsukewa in iska ta bushe, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai ka ji bakin firet ya fito yana kartar hannu. Ɗan fayil mai laushi ke gyara wannan. Wuyan kansa yana motsi tsakanin rani da damina, don haka ka riƙa yin awon katin nan a farkon kowanne. In za ka juya ƙarfen ciki, kwata ɗaya na zagaye ya isa, ka bar shi ya kwana ka sake dubawa, kuma in ya yi tauri kada ka tilasta. Jitar ta zauna cikin jakarta, nesa da rana da rufin kwano a watan Afrilu. Amfilifaya a ɗora ta a kan benci a lulluɓe, don ɓera na son takardar sifika, zanzaro kuma na gina ɗakinsa a ramin iskar akwatin. Tsirkiya ka nemi mai lamba 45 zuwa 105, ka goge ta da busasshen ƙyalle duk bayan kiɗa. In ta dushe kuma babu kuɗin sabuwa, ka cire ka tafasa ta a ruwa, ka shanya ta bushe sarai, za ta ɗan farfaɗo na wani lokaci.

Wurin saye, ka daure ka shiga Kano da kanka, shagunan kayan kiɗa suna Sabon Gari. Kasuwar Alaba ta Legas ta fi yawan kaya, ana kuma samu a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, amma wuyan jita ba a duba shi a hoto, kuma sifikar waya ba ta fitar da sautin bes balle ka yi hukunci da bidiyon WhatsApp. In dole sai an aiko, kada ka tura kuɗi duka ga wanda ba wanda ya san shi. Ka nemi wanda ya iya kaɗawa ya raka ka. Da yawa daga masu bes a Kano a coci-coci suke kiɗa, kuma in ka je da ladabi ka ba shi na mai, zai duba maka tsakani da Allah. Ka gwada jitar a kan amfilifayar da za ka saya, ba a kan babbar da mai shago ke gwaji da ita ba, kuma a rubuta maka rasit da lambar kowanne. Kafin ka biya, ka turo min hoton bayan kan jitar da na rubutun da ke bayan amfilifayar, in duba maka.